Ƙauyuka Biyar a Bakin Bahar Rum: Rana da Ɗumi, Ruwa da Sanyi

A arewa maso yammacin Italiya, a yankin Liguria, akwai wasu ƙauyuka biyar da suka maƙale a jikin duwatsu suna kallon Tekun Bahar Rum. Ana kiransu Cinque Terre, wato "ƙasashe biyar": Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore. A shekarar 1997 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Jirgin ƙasa daga garin La Spezia yana ratsa su duka ta ƙarƙashin duwatsu, kuma tsakanin ƙauye da ƙauye 'yan mintoci ne kawai.

Ƙannena 'yan makaranta, watan Afrilu da muke fama da zafin bazara, su a lokacin suke fitowa daga hunturu. Rana tana da ɗumi, furanni sun buɗe, ruwan kuma shuɗi ne garau. Nan baƙo yake ruɗuwa. Teku ba ya saurin ɗaukar zafi kamar ƙasa ko iska, don haka sanyin hunturu yana nan a cikinsa. A Afrilu zafin ruwan bai wuce kusan digiri 14 zuwa 15 a ma'aunin Selshiyos ba, alhali a Agusta yakan kai 24 ko fiye. Wanda ya yi tsalle ya faɗa ruwa mai sanyi haka, numfashinsa yakan fizge ba da sonsa ba, zuciya ta hau bugu da sauri. In kansa yana ƙarƙashin ruwa a wannan daƙiƙar, ruwa zai shaƙa, ko da gwani ne a iyo. Shi ya sa masu hankali suke shiga a hankali, su tsaya kusa da gaɓa. In an kafa jar tuta kuwa, ba a shiga sam.

Monterosso ne kaɗai ke da faffaɗan bakin ruwa mai yashi. A Manarola daga kan duwatsu ake sauka. Corniglia ma tana can saman tsauni, sai ka hau matakala kusan 380 daga tashar jirgi.

A ganina, daɗin wurin a wannan lokaci yana tudu. Akwai hanyar ƙafa da ta haɗa ƙauyukan, tana bi ta gonakin inabi da zaitun da lemun tsami, waɗanda manoma suka yanka a jikin tsauni hawa-hawa, suka tokare su da katangun dutse ba siminti. Katangun nan ne ke riƙe ƙasar. Inda aka yi watsi da gonakin, ƙasa takan zaftare, kuma a Oktoban 2011 ruwan sama mai ƙarfi ya kwararo da laka ya cika titunan Vernazza da Monterosso. Har yanzu akan rufe hanyar idan an yi hasashen ruwa mai yawa. Kuma kada wanda ya hau da silifa, don ana cin tara.