Zuwa ga uwar Kande

Ƙawata,

Ya jiki, ya nauyi? Ya samarinki uku, suna nan suna juye miki gida kamar yadda suka saba? Allah ya raba lafiya, ya kawo mana baƙuwar nan cikin sauƙi.

Saƙonki ya same ni ina tsakiyar duba takardun jarrabawar yara, na karanta na yi dariya har biro ya faɗi. Wato likita ta ce mace ce, Baban yara ya bar miki zaɓin suna, amma tun ba a haihu ba kin shiga damuwa don Hajiya, uwar mijinki, ta fara cewa Allah ya kawo mana Kande lafiya. Kin ce in nemo miki suna mai daɗi, wanda ba kowa ke da shi ba, wanda zai danne Kanden nan. Zancen suna mai daɗi zan taimaka. Zancen danne Kande kuwa, da wuya, don kin san Hajiya kin san bakinta.

Kuma ni ban ga abin gudu a Kande ba. Kin ce sunan 'yan ƙauye ne, sunan masu tallan gyaɗa. Haba ƙawata! Hajiya lissafi kawai ta yi. Macen da ta biyo bayan maza ita ce Kande, wasu su ce Delu, kamar yadda namijin da ya faɗo bayan jerin mata yake zama Tanko. Duk wanda ya ji an ce Kande ya san yarinyar nan tana da yayye maza a tsaye, ya kama kansa. Kakanninmu ba su da takardar haihuwa, sai suka maida suna rajista. Ki dube ni. Ran Alhamis aka haife ni, aka ce Lami, kuma wallahi ban san ina da wani suna ba sai ranar da aka kai ni firamare, malam ya yi ta kiran sunan yankana ina zaune ina kallonsa, ina tausaya wa yarinyar da ba ta zo ba. Da namiji ne da Ɗanlami ne. Haka Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu da Ɗantala, Balaraba da Balarabe, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. Sunayen nan har sun tsallaka wajen Hausawa. Janar Ɗanjuma ai mutumin Takum ne, Bajukune, amma ga sunan Juma'a a kansa duk ƙasa ta san shi da shi.

Ba rana kaɗai ba, har lokaci da halin da gida yake ciki. Anaruwa ana tsuga ruwa ya zo, Marka a tsakiyar damina, Nomau ana bakin noma, Azumi cikin Ramadan, Sallau da Tasalla ranar idi. Wanda ya daɗe a ciki har aka gaji da lissafi shi ne Shekarau, ga shi Kano ta yi gwamna mai sunan daga 2003 zuwa 2011. Wanda ya biyo tagwaye kuma Gambo ne, mace ko namiji. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sunanta na yanka Hajaratu, amma wa ya san ta da shi? Da Gambon ta shiga jam'iyyar NEPU, da shi ta sha ɗauri, da shi ake tunawa da ita. To ki gaya mini ƙauyancin da ke ciki.

Waɗanda suka fi taɓa ni su ne sunayen 'ya'yan wabi. Akwai wata gwaggon babanmu, muna yara muna dariyar sunanta, wai Ayashe. Sai da na girma Inna ta zaunar da ni ta ce uwarta ta binne 'ya'ya huɗu kafin ita, kowanne bai kai yaye ba. Da aka haife ta sai tsofaffi suka ce a yashe ta kawai, wato a nuna ba a damu da ita ba, ko mutuwa ta ɗauke kai. Haka Ajuji, wanda ake kaiwa kan juji a ajiye kamar shara sannan a ɗauko, haka Abarshi da Abarta, su kuma roƙo ne ƙiri-ƙiri. Malamai sun yi ta faɗa a kan camfin da ke ciki, kuma da gaskiyarsu, rai da ajali na Allah ne. Amma tun ranar ban ƙara dariyar sunan ba. Tsohuwar nan ta haura tamanin, kuma duk wanda ya kira ta, kukan uwarta ya maimaita bai sani ba.

Sunayen yanka ma da kike ganin na Larabawa ne, ai mun daɗe da dafa su a tukunyarmu. Abdullahi ya koma Audu, Adamu Ado, Ibrahim Iro, Abubakar Garba ko Habu, mutanen Barno su ce Bukar. Khadija ta zama Hadiza da Dije, A'isha Indo, Hauwa'u Kulu, Maryam Mairo, Fatima kuma Binta, daga kalmar da ke nufin 'ya, don ita ce 'yar Ma'aiki. Kusan duk Usman a ƙasar nan Shehu ne, albarkacin Shehu Ɗanfodiyo, shi ya sa shugaban ƙasa na 1979 cikakken sunansa Shehu Usman Aliyu Shagari. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne gidan da uba ya ƙudurta duk 'ya'yansa maza Muhammadu ne. Sai a bi su da ƙidayar Larabci: Auwalu ko Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, a yi ta tafiya har Tasi'u da Ashiru. Kin ga ko a nan ma lissafin ne muka koma wa.

To, ga jerin da kika turo daga intanet. Afnan jam'i ne, rassan itace, kalmar tana cikin Suratur Rahman inda ake siffanta Aljanna, ba laifi. Hanan tausayi ne da ƙauna. Ilham ita ce ilhamar da muka sani. Amal fata ne ko buri, amma ki yi tunani, don in ya shiga bakin Hajiya Amale zai fito, kuma kin san amale raƙumi ne. Sauran biyun da kika ce kin ji a fim ɗin Turkiyya, ki kai wa malamin Islamiyyar yaranki ya rubuta miki su da baƙaƙen Larabci tukuna, ya duba asalinsu. Rubutun boko yana ɓoye abubuwa. Ki ɗauki Asiya. Da alif a farko sunan matar Fir'auna ce, baiwar Allah mumina. Da ain da sadi kuwa ma'anarsa mai saɓo, kuma shi ne sunan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canja wa wata 'yar Sayyidina Umar ya maida ta Jamila. A boko duk Asiya za ki gani. Shafukan nan da ke jera suna ɗari biyar, kowanne a ce ma'anarsa fure ko hasken wata, ni ban yarda da su ba ko kaɗan.

In ni ce ke, Asma'u zan sa. Na san za ki ce ya yi yawa a gari. Ya yi yawa don yana da iyaye. Ga Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar da ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Hijira. Ga kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, 'yar tagwaye ce ita da Hassan, amma mahaifinta bai ce Hassana ba, ya ce Asma'u. Ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kafa 'yan taru, tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata, har ta rasu a 1864. Yarinyar da za ta tashi tsakanin maza uku tana buƙatar takwara irin wannan.

Af, sai da na zo nan dabara ta faɗo mini. In da gaske kike ba kya son Kande, hanya ɗaya ce: ki sa wa yarinyar sunan Hajiya. Shi ke nan kin ɗaure kowa. Baban yara ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa ba, ke ma haka, dole a nemi alkunya, a ce Ummi ko Mama ko Walida, kamar yadda Abba da Baffa suka cika gidajenmu. Ita kuwa Hajiya daga ranar sai dai ki ji tana cewa ina takwarata, ta manta da wata Kande. Sai dai ki shirya, don ba za ki ƙara iya ɗaga wa yarinyar murya a gabanta ba, za a ce kin zagi uwar miji.

Ki yi shawara da Baban yara ki sanar da ni. Yajin jego na sa an fara daka miki, da kanwar kunu, zan taho da su kwana biyu kafin suna in Allah ya kai mu. Ki gaida Hajiya da kyau, ki ce Lami tana gaishe ta, kada ki nuna mata wasiƙar nan.

Taki,
Lami