Rumbun Famfas a New Haven

Kwanana tara a gidan Yaya a New Haven, jihar Connecticut ta Amurka, kafin ta kai ni inda take aikin sa kai ranar Asabar. Na riga na zaga gine-ginen dutse na Jami'ar Yale, na ga dandalin tsakiyar gari mai coci uku a jere, har na ɗauka na gama ganin gari. Ashe kusan mutum ɗaya cikin huɗu na mazaunansa talaka ne, kuma ba a harabar jami'a ake haɗuwa da su ba.

Bas muka hau zuwa unguwar Fair Haven. A titin Grand Avenue rubutun shaguna ya koma Sifaniyanci, gidajen katako masu hawa uku suka jeru, kowane hawa da 'yan hayarsa. Muka shiga wata tsohuwar coci ta ƙofar gefe, muka gangara ɗakin ƙasa.

Warin kwali da leda ne ya fara tarbata. Kwalaye ne jibge har kusa da rufi, an manna lamba a bango daga 1 zuwa 6, ga wani ɗan lungu na sababbin haihuwa. Babu shinkafa, babu mai, babu gwanjo. Famfas ne zalla. Su banki suke ce masa, ni kuwa rumbu na gani. Mata biyar da wani dattijo suna tsaye a dogon tebur, suna farke kwali, suna ƙirga 25 su ƙulle a leda. Ƙulli biyu ake bai wa kowane yaro a wata.

"Yaya, a Amurka ake layin famfas?" na ce.

"Ke dai kama ƙirga," in ji ta, "za ki ji."

Muna ƙirga tana yi mini lissafi. Sabon jariri yakan ɓata 8 zuwa 12 a yini, kuɗinsu a wata ya kai dala 70 zuwa 100. Tallafin abinci na gwamnati, wanda ake kira SNAP, ba a sayen famfas da shi. Haka shirin WIC na masu ciki da masu shayarwa: zai ba uwa madara da ƙwai, amma ba abin da za ta ɗaura wa yaro. Babban kwali a katon kanti ya fi sauƙi, sai dai yana son mota da kuɗi a dunƙule. Wadda ba ta da su sai ta sayi ƙaramin ƙunshi a shagon unguwa da tsada, kamar yadda mace a gida take sayen ƙwaya ɗaya wurin mai kanti. Talaka shi yake saye da tsada a ko'ina.

Na ce to ina tsumma? Mu da kunzugun tsumma aka rene mu, a wanke a shanya, kafin la'asar ya bushe. Yaya ta girgiza kai. Ɗakin haya sau da yawa babu injin wanki, sai a je shagon wanki a biya, wasu shagunan ma ba sa yarda a saka kunzugu mai kashi a injinsu. A hunturu kuwa ina ranar shanya? Abin da ya fi ɗaure wuya shi ne gidajen renon yara. Yawancinsu ba sa karɓar yaro sai uwa ta kawo famfas na yini. Babu famfas, babu reno. Babu reno, babu zuwa aiki. Ranar da ba a je aiki ba kuma babu kuɗinta.

Wannan gari yana da tarihi a harkar. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Joanne Goldblum, tana shiga gidajen talakawa a nan ta ga uwa ta cire wa ɗanta famfas, ta kakkaɓe kashin, ta sake ɗaura masa. A 2004 ta kafa The Diaper Bank, a 2011 kuma aka kafa National Diaper Bank Network, mai haɗa irin waɗannan rumbuna na faɗin ƙasar, hedikwatarta a New Haven. Ba ita ta fara ba, mutanen Tucson a jihar Arizona sun soma tarawa tun 1994. Amma a nan aka fara auna matsalar da ma'aunin masana: a 2013 Megan Smith ta Yale da abokan aikinta suka buga bincike a mujallar Pediatrics kan mata 877, kusan kashi 30 cikin ɗari suka ce famfas ba ya isarsu, kuma aka ga rashin yana tafiya tare da damuwar zuciyar uwa. Binciken da ƙungiyar ta ƙasa ta yi a 2023 ya sami kashi 47 cikin ɗari na iyalai masu ƙananan yara a wannan hali.

Ƙarfe goma aka buɗe ƙofa. Wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin ba, ta shigo da kayan aikinta na dare a jiki, jariri a kafaɗa yana tsanyara kuka. Ko layi ba ta bi ba, Yaya ta kai ta teburin canji da ke lungu, ta ce in riƙe mata jaka. Famfas ɗin da aka cire ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen soso, ya kumbura har audugar ciki ta fara dunƙulewa. Matsematsin yaron ja wur, fatar ta saɓe kamar an watsa masa ruwan zafi. Uwar ba ta ɗago kai ba, tana ta faɗin wani abu ƙasa-ƙasa. Yaya ta ce haƙuri take bayarwa. Wa take bai wa haƙuri, mu ko yaron? Har yau abin yana ci mini rai.

A nan na fahimci dalilin da ya sa masu yaƙi da cin zarafin yara suke sa baki a zancen famfas. Likitocin yara sun daɗe da sanin cewa kukan da ya ƙi tsayawa shi ne kan gaba wajen tunzura babba ya jijjiga jariri. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. Jijjigar 'yan daƙiƙoƙi tana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, ta makantar, ta nakasa, ko ta kashe. Kukan jarirai kuma yakan kai maƙura wajen wata na biyu, daidai lokacin da uwa ta fi galabaita. A wurinmu mai jego tana gaban iyayenta har a yi arba'in, in yaro ya dame ta kaka ta karɓa, ko gwaggo, ko 'yar maƙwabta ta goya shi ta fita. Wannan yarinya tana hawa na uku ita kaɗai, ba barci, yaro yana kukan raɗaɗi, ta san maganin kukan kuma ba ta da shi. Ban ce talauci yana mai da uwa azzaluma ba, wallahi mafi yawansu su suke hana cikinsu don yaro. Amma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma zalunci ne a bar mutum a bakin rami ana kallo.

Akwai wata fuskar. A Amurka kusan uku cikin huɗu na yaran da hukuma ta tabbatar an cutar da su, sakaci ne laifin da aka rubuta, ba duka ba. Doka ta wajabta wa likita da malami da mai reno su kai rahoto in sun yi zargi. Uwar da ɗanta ya zo da gindi a saɓe tana tsoron a ce sakaci ta yi, alhali babu ce. Sai ta ɓoye, ta ƙi kai shi asibiti, ciwo ya ƙaru. Shi ya sa The Diaper Bank yake bin ta hannun cibiyoyin unguwa irin wannan cocin wajen rabo. Famfas yana kawo uwa bakin ƙofa, a nan sai a samu damar tambayarta: kina samun barci? Akwai mai taya ki? Na ga an yi wa yarinyar nan tambayoyin, na ga an rubuta mata lamba a takarda, ta ninke ta sa a aljihu.

Hukumomi sun fara motsi, ko da yake tafiyar hawainiya ce. Connecticut ta cire harajin saye daga famfas a 2018, jihar Tennessee kuma a 2024 ta fara bai wa yaran da ba su kai shekara biyu ba guda 100 a wata ta shirinta na lafiyar marasa galihu.

Kafin azahar lamba 5 ta ƙare. Masu kyauta sun fi kawo na jarirai, manyan lambobi kuwa su aka fi nema. Saura mutum shida a layi, cikinsu har da wata tsohuwa riƙe da hannun jikanta. Yaya ta jawo littafi ta miƙo mini biro.

"Rubuta sunayensu da lambar waya," in ji ta. "Ranar Talata mota za ta kawo kaya, mu kira su."