Sanyin Dutse Ta Ƙasa Yake Shigowa

Hawan dutse don nishaɗi ya fara samun masoya a cikin ma'aikatan Kano, kuma kamar kowace sabuwar sha'awa, ya zo da kayansa da gardamarsa. Wadda ta fi daɗewa a tsakaninmu, mu bakwai da ke shirin hawa Chappal Waddi a watan Disamba, ita ce ta wurin kwana. Gadon lilo za mu ɗauka, wato ƙyallen nan mai ƙwari da ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu mutum ya kwanta a ciki yana reto, ko kuwa tanti da shimfiɗa a ƙasa? Ni ina cikin masu cewa ƙasa. Sai dai masu lilon ba su rasa hujja ba, kuma a garinmu ma tasu ta fi tawa nauyi.

Ni ɗan Tarai ne, a ƙaramar hukumar Kibiya, kuma a kan duwatsun ƙasar Rano, musamman na wajen Rurum, muke gwada ƙafafunmu kafin babbar tafiya. Duk wanda ya taɓa kwana a kan falalen dutse da bazara ya san azabar. Dutse yakan wuni yana shan rana, da dare kuma ya riƙa amayar da ita a bayanka kamar kasko. Ba ya karɓar turke, ba ya da wurin da ya daidaita, ga cinnaka, ga kunama a ƙarƙashin kowane ƙaramin dutse da ka ɗaga. A irin wannan dare, wanda ya sauka gindin dutse ya ɗaura lilonsa a jikin tsamiya da ɗorawa shi ne sarki. Iska na ratsa shi ta sama da ta ƙasa, bai damu da tsakuwa ko gangare ba.

Tsoron maciji kuwa ba na raggo ba ne. Kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kashe mutane a arewacin Najeriya, da dare take yawo, kuma tana son wuri mai duwatsu; saboda ita da 'yan'uwanta ne asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya zama cibiyar jinyar saran maciji. Binciken da likita David Warrell ya yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna cewa gamsheƙa tana shiga ɗaki da dare ta sari mutum yana barci. Saboda haka idan abokiyar tafiyarmu, wadda likita ce, ta ce ba za ta ajiye haƙarƙarinta a ƙasa a daji ba, ba na yi mata dariya.

Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Gadon lilo ɗan ƙasar zafi ne. A hannun mutanen Taino na tsibiran Karibiyan Kolumbus ya gan shi a 1492, daga can ma'aikatan jiragen ruwan Turai suka ɗauke shi. An ƙirƙire shi ne a wuri mai ɗumi da laima da ƙwari, inda bukatar mai barci ita ce ya rabu da ƙasa, iska ta kwashe masa zafin jiki. Wannan aikin yake yi a ko'ina aka rataye shi, ko ana so ko ba a so. A gindin dutsen Rurum cikin Afrilu, rahama ce. A kan tsauni cikin Disamba, ita ce matsalar.

Ga yadda abin yake. Bargo ba ya samar da ɗumi. Iska yake tsarewa a tsakanin zarensa, jikinka ya ɗumama ta, ita kuma ta zauna a wurin. Ɓangaren da ka kwanta a kansa kuwa nauyinka ya matse shi, iskar ta fice, sai ya zama ƙyalle kawai. Haka jakar barci ta zamani take, komai tsadarta. A ƙasa ma wannan na faruwa, amma maganin a bayyane yake: ka sa wani abu mai kauri wanda ba ya matsuwa tsakaninka da ƙasar, kamar 'yar siririyar katifar roba. A cikin lilo, abin da ke ƙarƙashin bayanka iska ce mai tafiya. Duk ɗumin da ka ba ta, ta wuce da shi, wata sabuwa mai sanyi ta zo neman nata rabon, har gari ya waye.

Wani kawuna da ya yi shekaru yana farauta, na kwatanta masa lilon a hoton waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ɗan nan, ina shimfiɗarsa?" Na ce, "Kawu, ai ba ya bukata, a sama yake." Ya ce mai kwanan daji shimfiɗa yake fara nema kafin mayafi, su da hunturu sukan tara busasshiyar ciyawa ko karan dawa, su ɗora buzu a kai, su sa dutse ko ƙaiƙayi ya tare musu iskar gabas. Bai san komai game da tafiyar zafi daga jiki zuwa jiki ba, amma buzun nan da ciyawar su ne ainihin abin da kamfanonin kayan hawan dutse suke sayarwa yau da dala.

Sai kuma tsawo. A ƙiyasin masana yanayi, duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yakan ragu da kusan digiri 6.5. Birnin Kano bai kai mita 500 a kan teku ba. Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, a gandun dajin Gashaka-Gumti na Jihar Taraba, a kan iyakar Kamaru, mita 2,419 ne, kuma babu wurin da ya kai shi tsawo a Najeriya. Tazarar ta kai kusan digiri 12. Ka tuna asubar hunturun da ta sa ka ɗumama ruwan alwala a Kano, sannan ka yi tunanin tudun da babu katanga ko ɗaya da za ta tare iska. Ba sai ruwa ya daskare sanyi yake yin illa ba. Jikin mutum a kan digiri 37 yake aiki. Idan ya sauka ƙasa da 35, makyarkyata takan koma ruɗewa da kasala, kuma jiƙaƙƙen mutum mai gajiya a cikin iska yana iya kaiwa can ko da ma'auni bai kusanci sifili ba. A wurin da asibiti yake nisan tafiyar kwanaki a ƙafa, wannan ya fi tsorata ni a kan maciji, wanda shi kansa sanyi yake kashe wa jiki.

Ko da an shawo kan sanyi, ina bishiyar? Saman Chappal Waddi, kamar yawancin tudun Mambila, fili ne na ciyawa inda Fulani ke kiwo. Bishiyoyin suna maƙale a cikin kwazazzabai da bakin ƙoramu, wato daidai inda iska mai sanyi, wadda ta fi mai ɗumi nauyi, take gangarowa ta taru da dare tare da raɓa. Mai lilo ba shi yake zaɓar masauki ba, bishiya ce take zaɓar masa. A Kilimanjaro daji yana ƙarewa ne wajen mita 3,000, alhali ƙololuwar tana 5,895, don haka masu kwanan fili a can tanti suke kafawa. Hatta a kan duwatsunmu, abin da ke tsirowa a tsagar dutse yawanci hano ne da kukkuki, masu taushin itace, ga ƙasar da ta riƙe saiwarsu ba ta da yawa. Akwai kuma lissafin da mutane ba sa yi. Idan igiyar ta sunkuya da kusan digiri 30, kowace bishiya tana ɗaukar ja daidai da nauyinka gaba ɗaya. Idan ka ja ta ta miƙe kusan sambal don kada ka lanƙwashe, jan yana ninkuwa har sau biyar ko fiye. Ba kowane hano ne zai yafe maka wannan ba.

Masu lilo sukan ce ai akwai bargo na musamman da ake ratayawa a ƙarƙashinsa ta waje, inda nauyi ba ya matse shi. Gaskiya ne, kuma yana aiki. Amma ka haɗa shi da tamfol na rufin sama, da gidan sauro, da igiyoyi, sai ka ga sauƙin nauyin da aka yi ta alfahari da shi ya tafi. Ka kamo ƙaramin tanti na mutum ɗaya, ko ka wuce shi. Ni dai ban taɓa cin karo da irin wannan bargo a gwanjon Ƙofar Wambai ba, sai an yi odarsa daga waje. Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba sa kawowa, wanda mu ba za mu tsallake ba: tanti sutura ne. Matan da ke cikinmu suna bukatar inda za su canza kaya, kuma katifar da ka kwana a kanta ita ce za ta raba gwiwarka da jiƙaƙƙiyar ciyawa a sallar asuba.

Likitar tamu ta yarda da tanti ne bayan ta duba ɗaya da hannunta ta ga ƙasansa a ɗinke yake da jikinsa, ƙofarsa kuma da zif. In an ja shi, ko tururuwa sai ta nemi izini. Lilonta zai bi mu duk da haka, don kwanakin farko a dajin ƙasa mai ɗumi, inda ya fi komai dacewa.

Tanti ma yana da nasa halin. Numfashinka yakan taru a rufinsa ya ɗigo maka kafin asuba idan ba ka bar masa 'yar kafa ba. Inda ƙasa ta ƙi turke, sai ka ɗaure igiyoyinsa a jikin manyan duwatsu, ka kuma ɗaga kowanne da sanda kafin ka kai hannu. Takalmi ya kwana a ciki, in ya kwana a waje a zazzage shi da safe. Wajen kafa shi, a guji ƙololuwa saboda iska da tsawa, a guji ƙasan kwari saboda sanyi da ruwan da zai iya gangarowa cikin dare. A nemi kafaɗar tudu, ɗan sama da kwarin, inda wani dutse ya tsaya tsakaninka da gabas, a juya ƙofar ta kalli yamma.