Tukunyar Yashi

Har yau, in ƙamshin riɗi ya bugi hancina yana gab da ƙonewa, sai in ji ƙafafuna sun zabura da kansu, kamar akwai tukunyar da aka bar mini tsaro a bayan ɗakin Goggo a Kalgo, kamar in na ƙara ƙiftawa ɗaya fulawar Sallah za ta tafi a banza. Shekara kusan arba'in ke nan. Ƙafafun ba su manta ba.

Ina da shekara bakwai aka ɗauko ni daga Gwandu aka kawo wa Goggo riƙo. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, ita kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka babu wanda ya ga abin tambaya a ciki, har da ni. Abin da na riƙe na ranar bai wuce ɗan adudun da aka zuba mini zannuwa biyu da allona a ciki ba, da ƙurar bayan akori-kura, da kuma cewa Inna ba ta fito zaure ba. Dama ba ta taɓa kama sunana ba. Daga ranar ta samu abin kirana. In zance ya biyo ta kaina sai ta ce, "ta Kalgo."

Ɗakin Goggo yana da nasa wari mai daɗi, na turaren wuta da soyayyen man shanu da goron da ya kwana a ganye. Jeren kwalla da langa da samira ya kai har kusa da rufi, ana saukowa da su sau biyu a shekara a goge a mayar. Amma abin da ya fi su daraja a wurinta yana ƙarƙashin gadon ƙarfe, inda baƙo ba ya gani: wata baƙar tukunya mai faɗin baki, cikinta yashi ne kamar tsayin yatsa uku, yashin da ya sha wuta har ya koma kalar toka. Ba a dafa komai a cikinta. Matan unguwa kowa da abin da aka san ta da shi in gara ta tashi, wata alkaki, wata nakiya, wata dubulan mai zanen hannu kamar ɗinkin hula. Duk waɗannan mai ne ko turmi. Goggo ita gashi take yi. Gireba.

Sukari mai iyali take saya, na shuɗin kwalin St Louis, ba ta yarda da na buhu ba. Ni ke dakawa, a wani ɗan turmi da bai taɓa ganin yaji ba tunda aka sassaƙa shi, kuma ina jin sautin har yanzu, yadda ƙwayoyin ke fara fashewa ƙas-ƙas a ƙarƙashin taɓarya, sannan a hankali ƙarar ta mutu, ta koma wani luƙus-luƙus mai taushi, farar ƙura ta riƙa tashi tana sauka a gira da leɓe. Sai in lashe. Kwalin kuma ba a yar da shi, nan allura da zare da maɓallan mijinta Malam suke zama.

Fulawa sau biyu ake tankaɗe ta da rariyar laushi, ƙwarin da suka maƙale a zubar wa kaji. Ma'auninta tsohon gwangwanin madarar Peak ne da aka yanke wa kai da wuƙa aka daddake bakin da dutse don kada ya yanki mutum. Fulawa huɗu, sukari ɗaya da ɗan ɗori. Mai kuwa ba shi da gwangwani, sai yadda hannu ya ce. Kuma mai biyu ne: man gyaɗa daga gidan masu ƙuli-ƙuli, a kwalbar da aka toshe da totuwa, da man shanun da matan rugga ke kawowa tare da nono, wanda take soyawa har sai ya daina surutu a kasko, ta bar shi ya huce. Takan ce man gyaɗa ke sa ta narke a baki, man shanu ke sa a tuna da ita.

Ba ta cuɗa ta kamar ƙullin burodi. Murzawa take yi tsakanin tafukan hannu, a hankali, awarwaronta na ɗan kaɗawa, har garin ya koma kamar rairayin da ruwan farko ya taɓa. Sai ta damƙi kaɗan ta matse ta buɗe hannu. In ya tsaya da shatin yatsunta a jiki, ya yi. In ya wargaje, ta ɗiga mai. Daga nan sai ɗan ludayin duma, mai tsaga a baki da aka ɗinke da zare, ta barbaɗa masa surfaffen riɗi a ciki, ta cusa garin ta danna da babban yatsa, ta kife a kan murfin langa ta ƙwanƙwasa bayansa sau ɗaya. Sai ga ta ta fito, 'yar ƙubba, da riɗi a ka. Goma sha biyu murfin yake ɗauka.

Sauran aikin na wuta ne, kuma a nan nake shigowa. Yashi ya yi zafi tukuna, a dasa 'yan duwatsu uku a ciki, a ɗora murfin langa a kansu, a rufe tukunya da wani faifan ƙarfe da aka yanko daga jikin garwa, a zuba garwashi a samansa. Wutar ƙasa kaɗan ake so, ƙirare biyu ko uku na sabara ko kalgo, ta sama ita ce mai aikin. Ni kuma in tsuguna da mafici da ɗan kara, in garwashi ya taru gefe ɗaya in baje shi, in ya yi toka in hura. Abu ɗaya aka hana ni.

"Kak ki taɓa marhin nan," in ji Goggo. "Ga wanga aiki hanci ka gani, ba ido ba."

Kuma gaskiya ne, hancin yana gani. Da farko warin ɗanyen gari ne da zafin ƙarfe. Can sai man shanu ya farka. Sai riɗi ya biyo baya, ya cika tsakar gida, ya haura katanga, har ka ji wata daga maƙwabta ta ɗaga murya tana yi wa Goggo sannu da aiki. Tsakanin wannan ƙamshin da na ƙuna, tazarar ba ta fi karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ba. Ina mamakin yarinyar nan. Yau ban iya zaman minti biyar ban duba waya ba, amma ita takan yi tsugune rabin yini gaban baƙar tukunya, ba ta ganin komai, hancinta kawai a buɗe, kuma ba ta jin an tauye ta da komai. Ina ta samo wannan natsuwa, kuma a ina na ajiye ta?

Daga baya na ɗan ga duniya. Na tarar da 'yar'uwar girebarmu a wani kanti a Madina, fara fat, suna ce mata guraiba, na tsaya ina kallonta kamar na haɗu da dangi a baƙon gari. Kwanan baya ma ɗiyata ta gasa wani biskit mai taushi, ta ce na Amish ne, wasu manoma a Amurka, wajen Fensilbaniya da Ohayo, da har yau keken doki suke hawa. Nasu da ƙwai a ciki, namu babu. Amma da ta ce su ma mai biyu suke haɗawa, bota da man girki, sai na ji wani abu ya motsa mini a ƙirji, na ce ashe Goggo tana da abokan shawara a inda ba ta taɓa jin sunansa ba. Murhun ɗiyar tawa ƙofar gilashi gare shi, da fitila a ciki. Tana tsaye tana kallo suna yin ja. Ban ce mata komai ba, ya yi daɗi ƙwarai.

Azumin 1987 a tsakiyar bazara ya faɗo, kuma shi ne na farko da na kai har ƙarshe ban sha ko ɗaya ba. Shekarar ce aka rufe wa alkamar waje ƙofa, burodi ya ƙanƙance a teburin mai shayi, fulawa ta zama abin da ake tambaya da raɗa. Malam, mijin Goggo, sai da ya je har kasuwar Jega, ya dawo da mudu ɗaya ƙulle a leda, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ajiye shi cikin kwalla ta sama. Kullum sai na ɗaga kai na dubi kwallar.

Ana saura kwana biyu Sallah muka sauko da ita, bayan la'asar. Ranar na daka sukari ban lashe ba, na riƙa goge leɓe da bakin zane. Goggo ma ba ta ɗanɗana komai ba, da hannu da hanci ta yi aikinta kamar kullum. Zubin farko ya fito lafiya. Mun rufe na biyu ke nan sai ga yarinya da gudu, wai naƙuda ta kama wata a maƙwabta, ana kiran Goggo. Ta yafa mayafi, ta dube ni, ta dubi tukunya, ta fita.

Ba barci na yi ba, ba kuma wasa na tafi ba. So na yi ta dawo ta tarar na gama, na sauke, na jera mata su a faifai. Daga zaure rediyon Malam na ta tafsiri ƙasa-ƙasa, iska ko ganye ba ta motsawa, maƙogwarona kamar an zuba masa yashin tukunyar. Sai na ƙara ƙirare a ƙasa. Na sa mafici. Ƙamshi ya taso da wuri, na ji daɗi, kafin in gama jin daɗin ya juye, wani ɗaci-ɗaci ya shigo ta ƙarƙashinsa. Na ture marfin da kara, garwashi ya zube. Samansu lafiya lau, riɗi ko ja bai gama yi ba. Na ɗaga ɗaya. Gindinta baƙi ƙirin.

Duka sha biyun.

Na zauna a ƙasa ina kuka ba sauti, ina ta tofar da hawayen da ke gangaro mini baki, don ina tsoron in na haɗiye azumina ya karye. Haka Goggo ta same ni. Na san tun daga zaure hancinta ya gaya mata. Ba ta tambaye ni ba. Ta sa tsumma ta ɗauke murfin langar, ta ajiye a inuwa, ta jira suka huce, don gireba da zafi ko kallon banza aka yi mata sai ta ruguje. Sannan ta kwance 'yar wuƙarta ta goro, ta zauna a kujera 'yar tsugune, ta riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya tana kankare gindin a kan faifai, ƙur, ƙur, ƙur, baƙin gari na taruwa, kaji na leƙe. Ta kai ta ƙarshe ladan ya kira magariba. Ta ɗebo ruwan randa a moɗa ta ba ni, ta gutsuro gefen wadda ta fi ƙonewa ta sa mini a baki da hannunta. Ta narke kafin in tauna. Zaƙi a sama, ɗan ɗaci a ƙasa.

Washegarin Sallah muka kama hanyar Gwandu. Ta jera kankararrun a gindin langa, masu kyau a sama, ta ɗaure da ɗankwali ta ɗora mini a cinya. Mun ratsa Birnin Kebbi ana ta algaita da tambari wajen gidan Sarki Haruna Rashid, dawaki sun sha ado, yaran cikin mota duk sun miƙe suna leƙe. Ni ban tashi ba. Duk ramin da mota ta faɗa, sai in ji kamar a cikina gireba ke fashewa.

A Gwandu Baba ya fara kai mu ziyara hubbaren Malam Abdullahi, muka tuɓe takalma, rairayi na gasa tafin ƙafa, muka yi addu'a. Sannan cikin gida. Inna na zaune bakin gado da ƙanena a cinya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana duban Goggo. Aka kwance langa, yara suka yi caa, kishiyoyi da maƙwabta kowa ya ɗauka ana sa albarka, har na sama suka ƙare, kankararrun suka bayyana. Na sunkuyar da kai.

Inna ta sa hannu ta ɗauki ɗaya, ta juya gindinta, ta daɗe tana dubawa.

"Yaya, wa yag gasa wagga?"

"Ɗiyata tag gasa," in ji Goggo. "Ita ɗai. Ni ban nan."

Inna ba ta ce ta yi ba, ba ta ce ba ta yi ba. Ba ta ci ba kuma. Ta ci gaba da tambayar Goggo labarin mai jegon nan ta Kalgo, mace ta samu ko namiji, ni kuma na tashi na bi yara waje da wani abu tokare a wuya.

Da dare aka yi mini shimfiɗa a ɗakinta, a tabarma, kusa da ƙofa saboda zafi. Can cikin dare na farka. An rage fitilar ƙwai har ta kusa mutuwa, ƙanena na ta minshari, daga nesa ana jin sauran kalangun Sallah. Inna na zaune bakin gado ta ba ni gefe. Na ga ta jawo haɓar zanenta, ta kwance wani ɗan ƙulli da haƙori, ta fito da ita. Ta riƙa gutsura kaɗan-kaɗan, tafin hannunta ɗaya tare a ƙarƙashin haɓa. Da ta gama, ta dangwali yatsa a harshe ta bi ƙwayoyin riɗin da suka zuba a tafin, ɗaya bayan ɗaya. Sai ta fara juyowa wajen tabarmata.

Na yi maza na rufe ido.