Braunston: Ƙauyen da Muka Shiga da Ƙafa Muna Neman Tiyo

Da misalin ƙarfe 11 na safe injin ya fara tari. Ya ɗaga murya, ya sauke, ya sake ɗagawa, sai kuma ɗif. Jirgin ya ci gaba da sulalewa shi kaɗai har ya dunguri gaɓa. Babu gida kusa, babu titi, sai tumaki da suka ɗago kai suna kallonmu.

Jirgin na wata ƙawata ce Baturiya da muke digiri na biyu tare a Coventry. A cikinsa take kwana, a cikinsa take girki da karatu, domin kuɗin hayar ɗaki ya fi ƙarfinta kamar yadda ya fi ƙarfin yawancinmu. Ni ma na biyo ta ne da wata manufa a raina: in ga ko wannan rayuwa za ta karɓe ni, in huta da masu gidajen haya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tsakiyar Ingila cike take da hanyoyin ruwa da mutane suka haƙa da hannu fiye da shekara 200 da suka wuce, don jigilar kwal da sauran kaya masu nauyi. Suna kiransu kanal. Jiragen da ke binsu sirara ne, faɗinsu bai cika ƙafa 7 ba, amma tsawon wasu yakan kai ƙafa 70. Ba a yarda a wuce gudun mil 4 a awa ba, wato mai sauri da ƙafa zai iya jerawa da kai. Mu muna kan kanal ɗin Oxford ne, mun baro Rugby, mun haye ƙofofin ruwa uku na Hillmorton, muka nufi kudu.

Da muka ɗaga katakon da ke rufe da injin, warin man dizal, wanda a gida muke ce wa gas, ya buge mu. Ƙawata ta yi ta murza makulli, injin na juyawa amma ya ƙi kamawa. Sai na tuna da Kawuna a Kano, wanda ya tsufa a gyaran janareta da injin ban ruwa. Na kira shi ta bidiyo, na haska masa.

"Kawu, ka ji yadda ya yi kafin ya mutu."

"'Yata, wannan ba ciwon inji ba ne, iska ya sha. Bi hanyar mai da yatsa tun daga tanki, ki gaya mini inda kika ji danshi."

Na bi. Yawancin hanyar bututun jan ƙarfe ne, amma dab da injin akwai guntun baƙin tiyo na roba wanda bai fi kamu ɗaya ba. An sa roba a wurin ne saboda inji yana jijjiga, in ƙarfe ne zalla zai tsage. Da na lanƙwasa shi sai ga tsaga ƙanana birjik kamar faso a dunduniya. Kawu ya yi bayani cewa famfon inji zuƙo mai yake yi, don haka tsagar da ke wannan ɓangare ba ta cika zubar da mai da yawa ba, iska take shigarwa. Shi kuwa injin dizal, da zarar iska ta cika masa hanya, ya tsaya ke nan.

Dabarar gida ce ta fara zo mini: a yanko robar tayar keke a naɗe wurin, mu lallaɓa. Ƙawata ta girgiza kai. Ta ce wannan ɗan akwati da injin yake ciki, taku biyu ne tsakaninsa da inda take kwana. Kawu ma ya goyi bayanta. Ya ƙara da cewa, "Ku rufe mai daga tanki, ku cire tsohon ku tafi da shi. Ba a zuwa Ƙofar Ruwa da baki, da samfur ake zuwa."

Haka muka ƙulle tsohon tiyo a leda, muka ɗaure jirgin, muka kama siririyar hanyar da ke bin gefen ruwa. An yi ta ne tun asali don dawakin da ke jan jirage kafin zuwan inji. Gonakin da muka ratsa kiwo ake yi a cikinsu yanzu, amma har yau ana ganin shacin manyan kunyoyin da manoman ɗaruruwan shekaru suka bari a ƙarƙashin ciyawa. Daga nesa muka hango tsinin cocin Braunston a kan tudu, da tsohuwar hasumiyar injin niƙa mai aiki da iska a kusa da shi, ba fukafukai. Tsinin muka riƙa bi har muka isa.

Braunston ƙauye ne a yankin Northamptonshire, amma a wurin mutanen ruwa babbar tasha ce. A nan kanal ɗin Oxford ya haɗu da na Grand Union mai zuwa Landan, a ƙarƙashin wasu tagwayen gadoji na ƙarfe masu fentin baƙi da fari. Akwai ɗan gidan da ake karɓar kuɗin fito a da. Gaba kaɗan akwai ƙofofin ruwa shida, sai kuma rami da aka huda ta cikin tudu, wanda aka buɗe a 1796, tsawonsa ya haura mil ɗaya. Ba a yi wa dawaki hanya a cikinsa ba, don haka a zamanin da sai a zagaya da doki ta saman tudu, mutane kuma su kwanta a kan jirgi suna tokarar bango da ƙafa har su fita. Jiragen ƙarshe da suka riƙa kai kwal wajen Landan daga wannan ƙauye suke, sai a 1970 sana'ar ta mutu. Abin da ya rage shi ne masu walda, masu fenti, kanikawa da shagunan kayan jirgi. Duk wanda ya san Panteka a Kaduna zai gane ƙarar wurin, sai dai nan agwagi sun fi mutane surutu.

A wani shago muka zube wa wani dattijo tsohon tiyonmu. Ya juya shi, ya kai shi kusa da fitila, ya ce babu rubutun da yake nema. Tiyon mota ne wani ya taɓa sakawa. Ya jawo nasa daga faifai ya nuna mana abin da aka buga a jikinsa daga farko har ƙarshe: ISO 7840, sai A1. Ma'anarsa an gwada irin wannan tiyo a cikin harshen wuta na minti biyu da rabi bai zubar da mai ba. Na ce masa minti biyu da rabi ai ba komai ba ne. Ya ce ya ishi mutum ya rufe mai, ya ɗauki abin kashe gobara, ko ya fitar da yaro. Dizal ba ya saurin kamawa kamar fetur, amma in wuta ta tashi ta cinye tiyo, tanki ne zai riƙa yi mata ɗura.

Wani abin da ban sani ba shi ne, dizal ɗin yanzu ana gauraya shi da man tsirrai har zuwa kashi 7 cikin 100, kuma tsohuwar roba ba ta jure masa sosai. Sannan duk shekara huɗu sai an duba lafiyar jirgi an ba shi takardar shaida, kuma wannan rubutu na jikin tiyo yana cikin abin da mai dubawa ke nema. In babu takardar, babu lasisin zama a kan ruwa. Ashe gidan ƙawata kacokan yana rataye ne a kan guntuwar roba.

Dattijon bai auna bayan tiyo ba, ramin ciki ya auna: milimita 8. Ya ce nan ne baƙi suke yin kuskure, domin mai jure wuta ya fi na mota kauri, sai a ɗauka ba girmansu ɗaya ba. Ya yanko mana da ɗan ƙari, ya haɗa da sababbin kilif na ƙarfen da ba ya tsatsa. Duka kuɗin bai kai na abincin rana na mutum biyu ba.

La'asar ta yi kafin mu koma. Muka tara tsohon kwano da tsumma don kada ko ɗigo ya shiga ruwa. Muka zura sabon tiyo har ƙarshen bakin ƙarfe, muka ɗaure, muka bar masa ɗan sassauci saboda jijjiga, muka nisanta shi da salansa da duk wani kaifi da zai goge shi. Sai aikin fitar da iska: ƙawata ta sassauta ɗan noti a kan filta, ni kuma ina danna hannun famfo. Kumfa ta yi ta fita, ta yi ta fita, har mai ya zo tsantsa, ta ɗaure. A murzawa ta uku injin ya kama. Muka bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda, ba danshi. Na aika wa Kawu sautin injin, ya amsa da kalma ɗaya: "Madalla."

Da magariba muka shiga Braunston karo na biyu, wannan karon ta ruwa, muka bi ta ƙarƙashin gadar ƙarfen nan.

Ban koma zama a jirgi ba. Ɗalibai da dama sun tambaye ni ko hanya ce ta tsira daga kuɗin haya, amsata ita ce akwai sauƙi, amma babu mai gidan da za ka kira. Wanda ba shi da mazauni na dindindin dole ya matsa gaba duk kwana 14, ya nemo ruwansa, ya kula da injinsa. In har za ka je duba jirgi, kafin ka kalli labule da murhu, ka ce a ɗaga maka katakon inji, ka sunkuya ka karanta abin da aka rubuta a jikin tiyo.