Hoton 'Yan Aji Da Wasiƙar Da Ba A Amsa Ba

A garin Mutum Biyu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gassol, a kan hanyar da ta tashi daga Jalingo ta nufi Wukari, akwai wani tsohon hedimasta wanda ya rataye wani koɗaɗɗen hoto a bangon zaurensa. Samari ne talatin da biyu cikin fararen kaya, sun jeru layi uku ran da suka gama wata kwalejin horon malamai ta tsohuwar Jihar Gongola cikin 1981. Galibinsu 'ya'yan manoma ne da masunta da makiyaya, waɗanda aka ɗiba cikin 1976, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta soma ba da ilmin firamare kyauta, aka shiga neman malamai ruwa a jallo. Shekara biyar suna cin tuwo kwano ɗaya, kuma takarda iri ɗaya aka miƙa musu, watau ta malanta mai daraja ta biyu. To, amma daga ƙofar makaranta kowa ya bi inda abincinsa ya ja shi.

Wanda ke tsakiyar hoton shi ne monitan ajin. Bai daɗe yana koyarwa ba ya wuce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya komo ya kama aikin ofis a Yola. Da aka yanke Jihar Taraba daga Gongola cikin 1991 sai ya dawo Jalingo, likkafa ta yi ta gaba har ya zama darekta. Ya gina babban gida, amma 'ya'yan sun watsu, wasu Abuja, ɗaya Ingila, sai shi da uwargida a cikinsa.

Na gefensa kuwa gwanin ƙwallo ne. Shi ya haƙura da alli har zuwa 1986, lokacin da shirin SAP ya karya darajar Naira, albashin malami ya kasa kai shi tsakiyar wata. Ya ajiye aiki, ya shiga safarar doya da masara zuwa Kudu. Ya yi motoci, ya cika gida da mata da 'ya'ya, sai dai babban abin da ke damunsa shi ne yaran duk mota suke so, ba mai son aji.

Akwai kuma wani siriri a layin baya, aminin hedimasta, wanda gadonsu ke jere a ɗakin kwana. Shi soja ya shiga. Cikin 1990 aka tura su Laberiya a rundunar ECOMOG, daga can bai komo ba. Ya bar mata ɗaya da 'yar jaririya, ba gona, ba gida.

Hedimasta shi ne bai je ko'ina ba. Ya zauna a ƙasar Muri, daga wannan makarantar ƙauye zuwa waccan, yana haɗa koyarwa da noma. Da matar marigayin ta yi wani aure, dangi suka rasa mai riƙon yarinyar, sai ya ɗauko ta ya haɗa da nasa shida. A shekarar ne abin ya ci tura, ya zauna ya rubuta wasiƙa zuwa ga waɗanda ya san suna da hali cikin 'yan ajinsu, yana neman taimako domin marainiyar ɗan'uwansu. Mai safarar doya bai ba da amsa a takarda ba, amma kowace kaka sai an sauke buhu biyu na masara a ƙofar gidan. Daga wajen monita kuwa, ko tari. Hedimasta bai gaya wa kowa ba, amma abin ya tsaya masa a rai shekara da shekaru.

Yarinya ta girma, ta yi kwalejin ilmi a Jalingo, ita ma ta zama malama. Da aurenta ya zo, hedimasta ne waliyyi, kuma ya aika wa duk wanda ya san inda yake cikin mutanen hoton nan. Goma sha ɗaya suka zo, har da monita. Bayan an shafa fatiha, jama'a sun watse, suka koma zaure ana ta barkwanci irin na da, ana yi wa juna tsiyar furfura. Can sai monita ya sa hannu a aljihu ya fito da wata tsohuwar takarda, ya ajiye a kan tabarma.

Ya ce, "Malam, ka gane wannan?"

Hedimasta ya duba ya ce, "Rubutuna ne, ranka ya daɗe."

"Bar ranka ya daɗe, monita kake kirana. Wallahi ta iso ni. Na sa ta a aljihun tebur na ce sai gobe, da goben ta yi yawa kuma kunya ta hana ni. Ba ni da wani hanzari."

Zaure ya yi tsit. Hedimasta ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya tashi ya sauko da hoton. Ya ce, "Ita wannan ta wuce, Allah Ya raya ta. Amma zo mu ƙidaya." Suka bi fuskokin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, suka tarar tara sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba wanda ya san halin da iyalan biyar daga cikinsu ke ciki.

Ba su tashi ba sai da suka raba sunayen nan biyar a tsakaninsu, kowa ya ɗauki gidan da zai bincika, domin dai zumunta a ƙafa take. Monita ya ɗauki biyu. Wasiƙar kuwa hedimasta ya ninke ta, ya soke a bayan hoton, ya mai da shi bango. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba na raye ikon cika abin da suka ɗauka, amin.