Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yata Kan Batun Mutum da Biri

Bacirawa, Jihar Kano.

'Yata,

Ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mutanen gida duk ƙalau, gero ya shiga rumbu, dawa muke jira.

Saƙonki ya iso. Kin ce an fara koya muku asalin halittu a jami'a, har 'yan ɗakinku sun rabu biyu, wasu na cewa saɓo ne, wasu na yi musu kallon ƙauyawa. Na ga ya fi in amsa miki a fili, domin yaran garin nan da yawa za su ci karo da wannan darasi. Shawarata ɗaya ce: ki san abin da masanan suka faɗa tukuna, kafin ki yarda ko ki ƙi.

Ba su ce jan birin da ke ɓarnar gyaɗa shi ya haifi mutum ba. Cewa suka yi mutum da manyan birai sun haɗa kaka can baya, kowa ya kama hanyarsa. Ɗan baffanki ɗan'uwanki ne, amma ba shi ya haife ki ba. Wanda bai riƙe wannan ba, gardamarsa da wata magana yake yi daban.

Tun 1758 wani masani ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, ya jera mutum cikin dabbobi masu shayarwa, ya kuma sa shi a rukuni ɗaya da birai. Siffar jiki ya duba. Akuyar gidanmu tana da gashi, tana shayar da 'ya'yanta, haka mu ma. Ki tambayi mahauci ƙashi nawa ne a wuyan rago, bakwai ne. Na raƙumin dawa bakwai, naki ma bakwai. Da birai kuwa kamar ta fi yawa: farce shimfiɗaɗɗe maimakon kofato, babban yatsa mai iya damƙar abu, idanu biyu suna kallon gaba. A 1859 Charles Darwin na Ingila ya kawo bayanin yadda jinsi ke sauyawa a hankali, ya ma fara da kiwon tantabaru, yadda mai kiwo ke zaɓen waɗanda za su hayayyafa. A 1871 ya yi hasashen cewa a Afirka za a sami asalin mutum.

Daga baya an tono ƙasusuwa da yawa a nahiyarmu. A 1974 aka gano ƙwarangwal ɗin da ake kira Lucy a Hadar ta ƙasar Habasha, mai kimanin shekara miliyan 3.2, ƙugunta da gwiwarta sun nuna da ƙafa biyu take tafiya. A 2001, a hamadar Jurab ta maƙwabciyarmu Chadi, ayarin Michel Brunet ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Toumaï, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara miliyan 7. Wani ɗan Chadi ne a cikin ayarin, Ahounta Djimdoumalbaye, ya fara ganinsa. Abin da ya ja hankali shi ne ramin da laka ke bi a ƙarƙashin ƙoƙon ya matso gaba, alamar kai yana zaune a kan jiki miƙaƙƙe. Har yau masanan na jayayya ko Toumaï ya yi tafiya a tsaye. Kin ga ke nan su ma ba bakinsu ɗaya a kan komai ba, kuma ba sa ɓoye hakan. A Jebel Irhoud ta Maroko an sami ƙasusuwan irinmu masu kusan shekara 300,000. A nan gida ma, a 1965 Thurstan Shaw ya tono ƙwarangwal a kogon Iwo Eleru kusa da Akure. Binciken ƙwayoyin gado kuma ya nuna namu da na biri mai ganga, irin wanda ke dajin Gashaka-Gumti a Taraba, sun yi daidai da fiye da kashi 98 cikin 100.

To ina maganar Annabi Adamu, alaihis salam? A kanta muka tashi, a kanta muka raine ki, ban kuma ce ki saki ko kaɗan ba. Ƙashi yana iya gaya wa mai bincike shekarunsa da yadda mai shi ya yi tafiya. Ba zai gaya masa abin da ya sa aka halicci mutum ba, ko inda ruhi ya fito. Inda kika ga karatun ya gogi aƙida, ki kai tambayar gaban malamin da ya san tafsiri, ya kuma yarda ya saurari abin da kimiyyar ta ce. Kada ki kai ta dandalin Facebook, inda zagi ya fi hujja yawa.

Ki yi karatun da kyau, ki amsa jarrabawa yadda aka koyar. Kada ki kafirta kowa, kada kuma ki raina wanda bai shiga aji ba. In kin zo hutu baffanninki suka tayar da zancen, ki bari su gama, sannan ki yi bayani da ladabi.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce za ta aiko miki da ƙuli-ƙuli da yaji. Allah Ya yi miki albarka, Ya ƙara basira.

Wassalam,
Mahaifinki.